Kofur Maharazu da Jirginsa Mai Kunnuwa

Jawabin da Malam Gide, Sarkin Askan Sheme, ya yi a ƙofar gidan marigayi Malam Maharazu ranar sadakar arba'in, cikin shekarar 1958.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, muna godiya da wannan tattaki. Allah gafarta Malam Alƙali, wanda ya baro Faskari tun da hantsi a kan doki duk da ciwon baya. Dagatanmu da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malam Liman da malaman da suka sauke mana Alƙur'ani yau da safe, Allah ya saka da alheri. Tsofaffin sojoji abokan marigayi da suka zo daga Ƙanƙara da Pauwa da Mabai, har da wanda ya kwana a hanya daga Sabuwa, sannunku da zuwa. Goggo Hajaratu, uwargidan marigayi, na san kina bayan zanar nan kina ji, ina gaisuwa. Lawwali da Zulaihatu, 'ya'yan marigayi, da sauran dangi da maƙwabta, assalamu alaikum.

Da Lawwali ya zo ya ce ni aka zaɓa in yi magana a madadin mutanen gari, sai na ce ya koma ya sake tambayar mahaifiyarsa, wataƙila bai ji sunan da kyau ba. Ya je ya dawo, ya ce Goggo ta ce ni ɗin dai. Wai tunda duk garin nan babu wanda ya kai ni yin magana a kan Malam yana raye, to in zo in ƙarasa. Na karɓa, don gaskiya ta faɗa.

Malam Maharazu haifaffen Mabai ne, ɗan maƙera. Ya zauna tare da mu nan Sheme tun yana saurayi, daga nan aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Bama. Ya dawo mana da igiya biyu a hannun riga da akwatin ƙarfe guda, ya kafa rumfarsa gindin tsamiyar kasuwa, jikin tawa. Yana liƙe buta da dalma, yana gyaran fitila, yana yanka garwar kananzir ya mai da ita mazurari ko guga. Ya kasance mutum mai ƙarancin magana. Wannan bai taɓa damun maƙwabtakarmu ba, don ina yin tawa in yi tasa.

Wata ranar kasuwa ina yi masa aski, sai na tambaye shi abin da ya fi ba shi mamaki a duk yawonsa. Ni na zaci giwa zai ce. Sai ya ce a'a. Ya ce suna tsakiyar teku a kan hanyar Indiya, wata safiya ruwa ya tsage kusa da jirginsu, wani baƙin abu na ƙarfe ya ɓullo, tsawonsa ya kai daga tsamiya zuwa masallaci. Murfi ya buɗe a bayansa, mutane suka fito, ɗaya har yana shanya rigarsa. Suka ɗaga musu hannu, suka koma ciki, suka rufe, abin ya sunkuyar da kai ya nutse. Na ce Allah ya jiƙansu. Ya ce ai ba mutuwa suka yi ba, haka suke tafiyarsu, jirgi ne mai bi ta ƙarƙashin ruwa.

Jama'a, sai da na ajiye aska don kada in yanke shi, sannan na yi dariyar. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji. Kafin mako labari ya kai Sabuwa, kuma da ya dawo mana daga can mutanen cikin jirgin sun zama masu wutsiya. Ni na laƙaba masa Kofur Nutso. Shekara biyar ana kiransa haka, bai taɓa tanka wa kowa ba. Ya kasance in ka zolaye shi sai ya dube ka, ya dubi butarka, ya ce ta fara yoyo ta gindi, kawo.

Da abin ya tsaya a wasa da ba ni da abin faɗa yau. To, a rani na shekarar hamsin da ɗaya rigima ta tashi a kan gonar fadama ta Suwaibatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Surukina Rabo, mai gonar da ke jikin tata, ya ce iyakar ba a layin gamba take ba, a gindin gawo take. In haka ne, duk gefen da ke riƙe ruwa, inda take shuka shinkafa, ya zama nasa. Cikin waɗanda suka ga an kafa iyakar nan mutum biyu kaɗai suka rage, Baba Mani da Malam Maharazu, wanda shi ya ɗauko gambar a ka yana saurayi. Aka tafi Faskari gaban Alƙali. Ni rakiya kawai na yi wa Rabo, babu wanda ya tambaye ni komai. Malam Maharazu na gama ba da shaida cewa iyakar tana layin gamba sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanga fa shi ne mai cewa ƙarfe na nutsewa da mutane ya fito da su da rai."

Aka bushe da dariya, ban da Alƙali. Ya tambayi Malam Maharazu ko ya faɗi haka, ya ce ya faɗa. Mutanen da ke bayansa suna ta raɗa masa ya ce wasa yake yi, magana ta ƙare, shaidarsa ta shiga. Ita ma Suwaibatu ta zuba masa ido. Sai ya ce, "Na gani da idona. In na ce wasa ne na yi ƙarya, kuma maƙaryaci bai ba da shaida."

Alƙali ya ce shi bai taɓa ganin teku ba, ba zai ce ƙarya ne ba, ba zai ce gaskiya ne ba, amma an soki shaida kuma dole a warware. Sai Malam Maharazu ya roƙi a ba shi zuwa lokacin da kududdufai za su cika. Ya ce zai ƙera ƙaramin jirgi irin wanda ya gani, ya nutse ya fito a gaban kowa. Aka ba shi. A hanyar dawowa Rabo yana ta sa mini albarka, ni kuwa tuwon ranar bai wuce mini da daɗi ba.

Na farko da ya ƙera da garwa ya yi shi, tsawon kamu ɗaya, mai kama da gora. Ya zuba masa yashi a ciki, ya sa a babbar randar Goggo. Ya nutse kamar yadda ake so, sai dai bai ga dalilin dawowa ba. Na biyu ya rage yashin, shi kuma ya zauna bisa ruwa kamar ƙwarya, ko ka danna shi sai ya taso yana kallonka. Daga nan Malam ya gane cewa ba nauyi ne ke kai jirgin ƙasa ba. Dole a auna shi daidai yadda gadon bayansa kaɗai zai leƙo, sannan a yi masa abin da ruwa zai tura in yana tafiya. Da ruwan farko ya sauka, mun same shi tsaye cikin rafi har gwiwa, ya tsoma tafin hannu yana karkata shi sama da ƙasa. Masu wucewa suna yi masa sannu da jiki. Ya ce wa Malam Liman in ka sunkuyar da tafi a ruwa mai gudu sai ka ji an danne shi, in ka ɗaga sai ka ji an tallabe shi, to abin da jirginsa ke bukata ke nan. Ya yanko fallayen gwangwani biyu masu kamar tafi, ya sa musu suna kunnuwa.

Ya sayo tarwaɗa mai rai ya sa a kwanon wankin Goggo, ya kwana uku yana zama gabanta yana duban yadda take juya jela. Rana ta huɗu ya dawo daga kasuwa ya ga kwano wayam. Ya tambaya ina malamarsa. Goggo ta ce tana cikin miya. Goggo, ke kika ba ni labarin nan da bakinki, kin ce ya ci ya side hannu, ya ce malama ta yi daɗi amma ba ta gama ba shi karatu ba.

Ba tarwaɗa kaɗai aka yi asara a gidan nan ba. Ƙarafan laimar Goggo sun tafi. Murfin kwallarta ya zama farfela. Man kaɗenta kullum raguwa yake ba ta san mai shafawa ba. Abin da zai juya farfelar kuwa, Malam Liman ne ya ba da agogonsa na tebur mai ƙararrawa, ya ce dama shi da inuwa yake kiran salla, agogon sai dai ya ruɗa shi.

Ku bar ni in faɗa muku yadda aikin yake, don na gan shi kusa fiye da yadda ya kamata. Kunnuwa biyu ne a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, waya guda ta ratsa cikin jirgin ta haɗa su don su motsa tare. A baya akwai wutsiya tsaye, ita ke kai shi dama ko hagu. A jikin agogon ya ɗaura ɗan faifai mai ƙusumbi. In faifan ya juyo, ƙusumbin ya tura waya, kunnuwa su sunkuya, jirgi ya yi ƙasa. In ƙusumbin ya wuce, su ɗaga, jirgi ya taso. A baki abin da sauƙi. Wahalar tana ga hudar da waya ke fita. In ya matse ta kunne ya ƙi motsi, in ya sassauta ruwa ya shiga. Wata guda ya yi a kan huda biyu. A ƙarshe ya yanki karan gashin zabo ya zura wayar ciki, ya cusa kakin zuma da man kaɗe. Ya ajiye a inuwa don ya daskare, karen maƙwabta ya zo ya lashe man tas.

Na uku ya ɗaura kunnuwan a juye, jirgi ya riƙa ɗaga hanci yana tsalle kamar kwaɗo. Na huɗu wutsiya ta lanƙwashe, ya yi ta zagaya wuri guda har agogo ya gaji. Duk wannan ni nake kai wa kasuwa, don kullum ina bayan danga ina leƙe. Wata rana yana son ya liƙa wayar kunnuwa, hannu ɗaya da ƙarfen wuta, ɗaya da dalma, babu na uku. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Gide, tunda kana nan, zagayo ka riƙe mini wagga waya."

Na zagayo na riƙe. Washegari ma na riƙe. Haka na zama da safe ina yi wa jirgi dariya a rumfa, da yamma ina riƙe masa kunne. Rabo, yau ka ji, ka yi haƙuri.

Ranar gwaji ta zo, bayan azahar, a babban kududdufin bayan kasuwa. Aka shimfiɗa wa Alƙali tabarma. Mutane har bisa itace. A can ƙetare wasu Fulani sun kawo shanu shan ruwa, su ma suka tsaya kallo. Goggo ba ta zo ba, ta dai aiko a faɗa wa Malam cewa in wannan ma ya tafi, babu sauran garwa a gidan. Malam ya shaida wa Alƙali cewa jirgin zai nutse, a ƙirga arba'in, zai fito. Ya murɗa makulli, ya yi bisimilla, ya sake shi. Farfela ta kama, ya yi gaba kamar taku biyar, muka ga kunnuwan sun sunkuya a hankali, hanci ya yi ƙasa, ruwa ya rufe.

Malam Liman yana ƙirga da tasbaha. Arba'in, ba komai. Hamsin, ruwa shiru. Rabo ya fara gyara zaman hula. Suwaibatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa sai na tuna ranar da nake riƙe wayar ta ɗan goce mini, na ce shi ke nan, na kashe matar nan da bakina na ƙarasa ta da hannuna. Na matsa har bakin gaɓa, na miƙa wuya ina leƙen ruwan.

A saba'in da ɗaya ya fito. Bai fito gabanmu ba, can ƙetare ya ɓullo, daidai hancin wani farin bijimi da ke shan ruwa, kuma a daidai lokacin ƙararrawar agogon Liman, wadda Malam ya manta bai cire ba, ta kama kaɗawa a cikinsa. Bijimi ya yi tsalle ya biyo gaɓa ya nufo taro. Taro ya watse ya biyo ta kaina. Na faɗa ruwa da rigata da zabirata da askata duka. Ni ban iya ruwa ba, kuma wurin ya fi tsayina. Malam Maharazu, wanda ya yi wata biyar yana jiran ya ga wannan jirgi ya taso, ko juyawa bai yi ya dube shi ba. Ya faɗo ya kamo ni ta wuyan riga ya jawo ni waje, ya kwantar da ni ya danna cikina.

Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne muryar Alƙali. Allah gafarta Malam, ga ka zaune, in na ƙara ka gyara mini. Cewa ka yi, "Yau mun ga nutso biyu. Ɗaya dai ya fito da kansa." Sannan ka tambaye ni ko har yanzu ina sukar shaida. Na ce na janye, da ruwa a hancina. Ka ce wannan gwangwani bai nuna maka teku ba, amma an ce abu ba ya yiwuwa kuma ga shi ya yiwu, saboda haka shaidar Maharazu ta shiga, iyaka tana layin gamba. Suwaibatu tana cikin gidan nan yanzu tare da mata, kuma shinkafar da za ku ci in na yi shiru daga fadamar nan ta fito. Rabo ma ga shi can, shi ya kawo itacen dafa ta.

Kuna zaton Malam ya yi murna? Mako guda ya yi ransa a ɓace, wai ya ce arba'in abu ya kai saba'in da ɗaya. Sai da ya gano sanyin ruwa ne ya daskarar da man kaɗe ya rage wa kunnuwa sauri, sannan ya koma cin abinci sosai.

Ya kasance in ya koyi abu ba ya barinsa a kan abin wasa. Gaɓar nan mai juyawa da ya sha wahala a kanta, ita ya mayar kan murafun rijiyoyi. Mu mutanen Sheme mun san awaki nawa muke tsamowa a rijiya kafin ya yi mana murfi mai buɗewa da rufewa, kuma mun san abin da ya fi akuya da muka taɓa tsamowa. Ya yi wa Mabai, ya yi wa Pauwa, ya ɗauki kayan aikinsa a ka har Sabuwa. Ya kasance ba ya jira a kira shi, in ya ji an ce rijiya a buɗe take sai dai a ga rumfarsa a rufe. Malam Abdulƙarim na Ƙanƙara, abokinsa na soja, ya dawo daga Bama da ƙafar katako sanƙararriya, shekara bakwai yana salla a zaune. Malam ya yi masa gwiwa ta ƙarfe mai lanƙwasa. Ɗazu a sahun azahar kusa da ni ya tsaya, na ji tana ƙara kaɗan da ya yi sujada. Malam Abdulƙarim, ka riƙa ɗiga mata mai, mai gyaran ya tafi.

Jiragen kuwa bai daina ba. Tara ya ƙera bayan wancan, kowanne kunnuwansa sun fi na baya ladabi. Wani Bature mai duba hanya ya so ya sayi ɗaya, Malam ya ce bai gama ba. Babu jirgin da ya taɓa cewa ya gama.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je yi masa aski wata safiya, kwana uku kafin rasuwarsa. Shekara bakwai ina son in roƙe shi gafara, kullum na buɗe baki sai gardama ta fito. Ranar dai na daure na ce, Malam, abin da na yi maka gaban Alƙali, da sunan da na sa maka, ka yafe mini. Ya buɗe ido ya dube ni. Sai ya ce, "Ai tun a hanyar Faskari na yafe."

Na ce to mi ya hana ka faɗa mini, ka bar ni shekara bakwai da abu a wuya?

Ya ce, "In na faɗa maka sai ka daina zuwa."

Na ƙarasa askin. Ban yi shi da kyau ba, don ba na gani sosai.

Goggo Hajaratu, kin zauna shekara talatin da mutumin da ba a ajiye murfi a gabansa. Kin yi faɗa, mun ji ta kan danga, amma ba ki taɓa ɓoye masa ko cokali ba. Abin da ya yi wa garuruwan nan da kayanki ya yi shi, ladan naku ne ku biyu. Gidan nan ba zai rasa mai sallama ba muddin muna raye. Lawwali, ka gaji rumfa da zugazugi. Ba mu ce ka zama shi ba, amma in an kawo maka buta ka liƙe ta yadda mai ita ba zai dawo ba. Zulaihatu, ke kika yi jinyarsa, ke kika san abin da bai faɗa wa kowa ba na zafin ciwo. Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki haka.

A madadin iyalin marigayi da mutanen Sheme, ina gode wa duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da matan da suka wuni gaban murhu. Wanda marigayi ya ɓata wa rai ya yafe masa, ko da yake na yi ta tunani tun jiya ban samo ko mutum ɗaya ba.

Ya Allah, ga bawanka Maharazu ɗan maƙeran Mabai ya zo gare ka. Mu maƙwabtansa mun shaida ba mu taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sada shi da iyayensa cikin rahama. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Malam Liman, a yi mana Fatiha.